Ku Tambayi Anti: Agogon Zamani, Awon Jini da Barcin da Ake Cin Bashinsa

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duka a kan na'urori ne da manhajojin waya masu alƙawarin gyara lafiya da ƙara ƙwazon aiki. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, kuma amsata ba ta ɗauke wa kowa zuwa asibiti ba.

TAMBAYA: Anti, ni ma'aikacin banki ne a nan Gombe, ina zaune a Tumfure, shekarata 41. Na sayi agogon zamanin nan mai ƙirga taku. An ce sai mutum ya yi taku 10,000 a rana, ni kuwa da ƙyar nake kai 6,000. Bayan isha'i nakan yi ta zagaya tsakar gida don in cike, har maiɗakina ta fara yi mini dariya. Agogon yana nuna mini awon hawan jini ma, kullum lafiya lau. Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin mahaifinmu. In ƙara kuɗi in sayi wanda ya fi wannan tsada?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Ƙanena, kada ka sayi wani agogon. Akwai inda kuɗin za su fi yi maka rana, zan zo wurin.

Wannan 10,000 da ta hana ka zama ba likita ne ya yanke ta ba. A 1965 wani kamfanin ƙasar Japan mai suna Yamasa ya fito da 'yar na'urar ƙirga taku, ana cikin ɗokin wasanni bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, ya tallata ta da taku dubu goma. Lamba ce mai daɗin faɗa, shi ya sa ta bi duniya. Da masu bincike suka waiwayi maganar, abin da suka gani ya sha bamban. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bibiyar tsofaffin mata sama da 16,000. Mace-mace sun yi ƙasa sosai a cikin masu yin taku wajen 4,400 a rana idan aka gwada su da masu 2,700, amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya tsaya cak. To amma kai ba tsohuwa ba ne, kada ka kafa hujja da wannan ka miƙe ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti take lissafi. Ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Matsakaici shi ne tafiyar da za ka iya yin magana a cikinta amma numfashi ba zai bar ka ka ja waƙa ba. Zagayen tsakar gida da silifas, ido na kan agogo, yana cika lamba amma bai taɓa numfashinka ba. Minti 30 na tafiya mai sauri bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, ya fi shi nesa ba kusa ba, balle a Maris da Afrilu da ranar Gombe ba ta barin kowa ya taka ƙasa bayan hantsi. Ka kuma lura, motsin hannu agogon yake ji. Hau acaɓa a hanya mai gargada ka duba, za ka tarar ya rubuta maka takun da ƙafarka ba ta san da shi ba.

Bugun zuciya kam agogo mai kyau yana ƙoƙari. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada iri bakwai, shida sun auna bugun zuciya da kuskure kaɗan. Da aka zo lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, wanda ya fi kowanne daidaito ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe da kashi 93. Saboda haka in ya ce ka ƙona kaza, kada ka rama da ƙarin masa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki wasiƙarka a farko. Wannan "lafiya lau" da agogon yake nuna maka a awon jini, ni ban yarda da shi ba, kai ma kada ka yarda. Agogo mai araha ba ya matse jijiya. Koren haske yake haskawa a fata, ya yi kirdado. Wasu ma ko a ƙafar kujera ka ɗaura su sai su ba ka lamba. Gwada naka ka gani. Hawan jini kuwa yawanci ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A shekarun da na yi ina aikin jinya, waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne magidanta masu jini a jika da aka kawo ranga-ranga, baki ya karkace, iyali suna rantsuwa cewa ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Mutumin da mahaifinsa ya tafi ta wannan hanya ba shi ne zai jingina da kirdado ba.

Ka sayi na'urar awon jini mai batir wadda ake ɗaurawa a damtse, ka bar ta wuyan hannu. Ka duba maɗaurin ya zagaye damtsenka sosai, domin ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ƙara lamba. Ka je da ita asibiti a gwada ta da tasu. Sannan ka yi awo na mako guda, safe da dare. Minti 30 kafin awo babu goro, babu kofi, babu taba. Ka yi fitsari, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, waya a ajiye, baki a rufe. Ka auna sau biyu da tazarar minti 1, ka rubuta a littafi. In matsakaicin makon ya kai 135/85 ko ya haura, ɗauki littafin ka ga likita. A asibiti ana kama hawan jini daga 140/90, na gida yakan ɗan yi ƙasa. In ka ga ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko ɗaukewar numfashi, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ba a jiran gari ya waye.

Ita kuma mai dariyar, ka ba ta aiki. Gishirin da aka yarje wa mutum bai kai giram 5 a rana ba, wajen ƙaramin cokalin shayi guda, kuma har da wanda ke cikin magi, da yajin tsire, da burodi. Ita ma ka riƙa auna ta.

TAMBAYA: Anti, ni malamar firamare ce a Jekadafari, 'ya'yana uku, ina kuma karatun digiri na ƙarshen mako. Ina kallon bidiyon Turawa masu cewa sirrin nasara shi ne tashi ƙarfe huɗu na dare da tsara kowane minti. Na sauke manhaja huɗu, har da mai auna barci. Ina kwanciya sha biyu saura in tashi ƙarfe huɗu, ina kuma shan kofi bayan isha'i don in yi karatu. Manhajar kullum cewa take barcina ba shi da kyau, ni kuma sai in kasa barcin don tunani. A aji ina gyangyaɗi. Ragwanci ne?

AMSA: Malama, mai shiga aji, ta dawo ta ɗora tukunya, ta yi wa yara uku wanka, ta buɗe littafi, ba a kiran ta raguwa. Bashin barci ne ya yi miki katutu. Daga sha biyu saura zuwa huɗu awa huɗu ne da 'yan kai, alhali masana barci sun daidaita a kan cewa baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye. Su masu bidiyon ba sa nuna miki ƙarfe nawa suka kwanta, ko wa ya dafa musu, ko wa ya ɗebo ruwa ranar da famfo ya ƙi zuwa. Da yawansu ma bidiyon ne sana'arsu.

Sammako ba baƙonmu ba ne. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma ya kasance ba ya son hira bayan isha'i. Tare suke tafiya. Ke kin ɗauki na farkon kin bar na biyun.

Kofin nan shi ne farkon abin da za ki ajiye. Sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi da goro da lemukan ƙara kuzari, yakan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2013 ya nuna miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa guda. Ke da kike sha bayan isha'i, ko kin samu barcin ya zo, sama-sama ne. Daga azahar ki rufe wannan babin.

Manhajar barcin kuma ki goge ta yau. Motsi da sauti take saurare ta yi hasashe, ba ta ganin abin da ƙwaƙwalwa ke ciki. Tun 2017 likitocin barci a Amurka suka ba da rahoton marasa lafiyar da damuwa da lambobin irin waɗannan na'urori ta ƙara lalata musu barci. Gyangyaɗin da kike yi a gaban 'yan aji ya riga ya gaya miki abin da take son faɗa. Mudu ba ya ƙara hatsi a buhu, komai yawan awo.

Sauran ukun ma ban ga aikinsu ba. Salloli biyar sun riga sun yanka miki yini gida-gida, sai dai ki ba kowane gida aikinsa. Karatu mai nauyi ya koma bayan asuba, ko na minti 40 ne, lokacin kai yana wasai, yara ba su tashi ba. Makin jarrabawa da rubuta darasin gobe, waɗanda ba sa cin tunani sosai, su zauna tsakanin la'asar da magariba. In kin samu ƙailula ta minti 20 bayan an tashi makaranta, ki yi, kada dai ta zarce. Abin da ke buƙatar wuta, irin su guga da cajin kwamfuta, ba shi da lokaci sai na masu wuta. Ki bar masa sarari, kada ki ɗaura wa kanki laifi in jadawali ya rushe.

Dabarar da na yarda da ita a cikin abin da ake yayi ita ce ta wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, wanda ya fito da ita yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980: aiki ɗaya tak na minti 25, hutun minti 5, a sake. Da agogon girki ya yi ta, ba ta buƙatar data. Sharaɗin shi ne waya tana wani ɗaki. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta auna tsawon lokacin da mutane ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta: a 2004 wajen minti biyu da rabi ne, a 'yan shekarun nan ya dawo daƙiƙa 47. Shiga saitin wayarki, wurin da ke nuna awannin da kika yi a kowace manhaja, ki ga abin da WhatsApp da TikTok suka ci a makon jiya. Guruf ɗin 'yan ajinku na sakandare da na ankon biki, ki kashe musu ƙara.

Ba ki ambaci maigidan ba ko sau ɗaya. In yana nan, digirin nan na gidan ne gaba ɗaya. Ki zaunar da shi cikin lalama ku raba: ko kai yara islamiyya da bitar karatunsu na dare ya ɗauke miki, kin samu awa guda ta barci. In kin gyara duk wannan wata guda gajiyar ba ta sake ki ba, a duba miki ƙarancin jini.

TAMBAYA: Anti, ina da shago a kasuwar Wunti a Bauchi. Tumbi ya fara fito mini. Abokina ya saka mini manhajar da ke hana cin abinci awa 16 a rana. Ya halatta a likitance?

AMSA: Alhaji, ga mai lafiya babu laifi, amma babu wani sirri a cikin awannin. A wani gwaji na shekara guda da aka yi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, an raba masu ƙiba 139 gida biyu, duka aka rage musu abinci, rabi kuma aka taƙaita musu lokacin ci daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Ƙibar da suka rage ba ta bambanta ta a zo a gani ba. Rage cin ne ke aiki. Kai ma shaida ne, akwai masu fitowa daga azumin Ramadan sun ƙara nauyi saboda abin da ake jerawa a buɗa-baki. Fara da lemon kwalban da kake kora abincin rana da shi. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai ciki, da mai shayarwa, kada su fara sai da izinin likita.

TAMBAYA: Anti, daga Kumo nake. Mahaifiyata tana da ciwon suga, ta gaji da huda yatsa. Na ga tallar agogo a Facebook mai auna suga ba tare da allura ba. In saya mata?

AMSA: A'a, 'yata. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Lambar ƙarya tana iya sa Mama ta ƙara magani suganta ya faɗi warwas, ko ta saki jiki alhali ya hau. Kuɗin ki saya mata tsinken gwaji da sababbin allurai, domin allurar da aka maimaita takan dakushe, ita ce mai zafin. A wanke hannu da ruwan ɗumi a bari ya bushe, a huda gefen yatsa maimakon tsakiyarsa, a riƙa sauya yatsa. Robar tsinken kuma a rufe ta da kyau, a ajiye ta nesa da rana da zafin kicin, a duba ranar lalacewarta kafin a biya kuɗi a kyamis.