Zuwa ga ƙanena mai neman tallafin karatun tsiraru a Amurka

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fata kana lafiya, da su Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso tare da tallar da ka turo, wadda ke cewa akwai guraben karatu kyauta a Amurka ga ɗalibai tsiraru, da kuma roƙon da ka yi in sa baki a saka sunanka, tunda ka gama digirin farko a kimiyyar sinadarai kuma ka kammala hidimar ƙasa. Ba kai kaɗai ke turo mini irin wannan talla ba, don haka zan amsa maka a fili yadda wasu ma za su amfana, kuma ka yi haƙuri idan maganar ta yi kaushi.

Tallafin akwai shi, amma mafi yawansa ba dominka aka yi shi ba. Waɗanda ake nufi su ne 'yan ƙasar da aka daɗe ana dannewa, wato baƙaƙen fata jikokin bayi, da masu asali daga Latin Amurka, da ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Kafin a dubi launin fatarka, takardunka ake fara dubawa, ko kai ɗan ƙasa ne ko kana da katin zama na dindindin. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ke kaiwa dala 7,395 a shekara, ta hanyar takardar FAFSA ake nemansa, kuma mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya cikin masu cancanta. Haka shirye-shiryen TRIO da aka faro da Upward Bound a 1964 domin 'ya'yan talakawa da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba, har da shirin McNair mai shirya ɗalibai zuwa digirin digirgir, wanda aka sa wa sunan baƙar fatar nan ɗan sama-jannati da ya mutu a hatsarin kumbon Challenger a 1986. Shi ma shirin Gates Millennium da aka kafa a 1999, wanda asusun UNCF mai tallafa wa ɗalibai baƙaƙen fata ya gudanar har ya ɗauki nauyin ɗalibai 20,000, sharaɗinsa ke nan. Bugu da ƙari, tun ranar 29 ga Yunin 2023 da Kotun Ƙoli ta hana jami'o'in Harvard da North Carolina la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jami'o'i da yawa sun soke irin wannan tallafi ko sun sauya masa sharuɗɗa, ta yadda su kansu masu hakkin suna kuka.

Kada wannan ya sa ka ji haushinsu, kamar yadda nake jin wasu 'yan Afirka suna yi idan sun zo. Mutanen nan da jini da ɗauri iyayensu suka samo waɗannan kuɗaɗe, kuma jami'o'insu ne suka buɗe wa Afirka ƙofa a lokacin da sauran suka rufe. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru, a Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania ya gama a 1930, Kwame Nkrumah ya biyo bayansa a 1939. Har gobe irin waɗannan jami'o'i, kimanin ɗari, suna karɓar kowa, sai dai galibinsu ba masu ƙarfin aljihu ba ne da za su ɗauki nauyin baƙo gaba ɗaya.

Ƙofar da ta rage maka, wadda ni ma ta nan na shigo, ita ce aikin mataimakin malami a karatun gaba da digirin farko. Sashe ne ke ɗaukarka, musamman idan digirin digirgir kake nema a fannin kimiyya, ya yafe maka kuɗin makaranta, ya riƙa ba ka ɗan alawus kowane wata, sau da yawa har da inshorar lafiya, kai kuma ka yi masa aikin awa 20 a mako, wanda shi ne iyakar abin da bizarka ta yarda ka yi a cikin jami'a lokacin zangon karatu. Za ka kula da 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaji, ka duba takardunsu, ka zauna a ofis a lokutan da aka ware domin masu tambaya. A nan babu ruwan kowa da fatarka. Sashen yana da ɗaruruwan ɗalibai masu ɗaukar darasin sinadarai na farko, kuma yana bukatar hannu mai araha.

Na ce mai araha ne da gangan. A wurare da yawa alawus ɗin na wata tara ne, watannin hutun tsakiyar shekara kuwa sai ka nemi malamin da zai biya ka daga kuɗin bincikensa, ga haraji ana cirewa, ga wasu ƙananan kuɗaɗen jami'a da yafiyar ba ta shafa ba, ga haya da ke cinye kaso mafi tsoka. Idan makinka ya sauka ƙasa da 3.0 cikin 4.0 aikin zai iya tafiya, kuma idan ya tafi ba ka da abin biyan makaranta, zamanka a ƙasar ya shiga haɗari. Duk da haka mutanen gida za su lissafa kuɗin da naira, su fara jero maka bukatu tun ba ka sayi rigar sanyi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne aji. Na zo ina ganin Turancina ya isa, tun daga firamare da shi na yi karatu, sai ga shi an sa ni jarrabawar magana kafin a bar ni in tsaya gaban ɗalibai, domin jihohi da dama suna da doka a kan haka. Bayan na ci, yaran da ba su kai ƙannena ba suka rubuta a takardar tantance malami cewa ba sa gane abin da nake faɗa, alhali na san ba su buɗe littafi ba. Na koyi rage sauri, da rubuta komai a allo, da haɗiye fushi, har daga baya masu gudun ajina suka koma neman sa. Ban samu wannan a ɓagas ba, shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa na hau na janye tsani.

Taimakon da ba a hana baƙo shi ne na karatu kansa: cibiyar gyaran rubutu, da masu bita kyauta, da lokutan ganin malami a ofis. Mu mun taso ana ganin zuwa ofishin malami kamar neman alfarma ne, a nan kuwa wanda ba ya zuwa shi ake ɗauka bai damu ba. Ka kuma kiyayi kwafar rubutun wani ba tare da ambatonsa ba, domin laifi ne da ake iya korar ɗalibi a kansa.

Ga ƙanwarka mai koyar da Turanci akwai shirin Fulbright na FLTA, wanda ke kawo matasan malamai daga Nijeriya su koyar da Hausa ko Yarabanci na shekarar karatu guda. Ba digiri ake bayarwa ba, kuma dole ta koma gida idan ta gama.

Sai maganar biza, wadda za ta iya rushe duk abin da na faɗa. A Yunin 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Disamba ta ƙara Nijar, ta kuma dakatar da ba 'yan Nijeriya sabuwar bizar ɗalibai daga farkon 2026. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka ka duba shafin ofishin jakadanci kafin ka kashe ko kwabo, ka kuma tuntuɓi EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba ɗalibai shawara, a Abuja ko Legas maimakon ejan mai karɓar kuɗi. Ko da ƙofa a buɗe take, akwai dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗalibai baƙi, da 185 na biza, ban da kuɗin jarrabawa da na neman kowace jami'a.

Ba ni da ikon saka sunan kowa, ko a sashen da nake kwamiti ne ke zaɓa. Abin da zan iya shi ne in duba maka takardar bayanin manufarka. Ka fara neman transkirif ɗinka yanzu, domin tawa jami'ar sai da ta kusa jawo mini asarar gurbina kafin ta aiko da nawa. Ka samu malamai uku da suka san aikinka su rubuta maka shaida, ka zaɓi sassan da bincikensu ya dace da naka, har da na Kanada, tunda takardun kusan iri ɗaya ne. Galibi ana rufe karɓa tsakanin Disamba da Janairu ga masu farawa a Agusta, don haka ka turo mini daftarin kafin ƙarshen Oktoba. Ka gaida mini su Inna.