Tambaya da Amsa: Zan je Ghana aikin sa kai, Baba ya ƙi

Tambaya: Salam Anti, ni ɗalibar jami'a ce, ƙungiyar ɗalibanmu za su je Kumasi lokacin hutu mu koyar da yara karatu a zango kyauta, amma Baba ya ce sam, wai mace ba ta tafiya haka kawai. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki daina gardama da Baba tukuna, ki kai masa takardar makaranta mai hatimi da sunan malamar da za ta raka ku da inda za ku kwana, in da hali ma malamar ta kira shi da kanta, don iyaye sun fi jin maganar babba wallahi. Ghana dai tana cikin ECOWAS, in dai ke ma 'yar ƙasar ECOWAS ce ba kya buƙatar biza har kwana 90, fasfo kawai da katin allurar shawara, wannan yalon katin, kar ki manta shi don ana tambaya a boda. A zangon Kumasi Hausa ake yi sosai, ba za ki sha wahala ba. Ki canza kuɗinki zuwa sidi, kuɗin Ghana, ki ɗau gidan sauro. Sannan ki tambayi wa zai biya kuɗin mota da abinci tun yanzu.