Amsa ga mai cikin fari daga Ƙaura Namoda: atisayen matse gaba da shirin haihuwa

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Kin ce cikinki wata shida ne, na fari, fitsari yana ɗan kufce miki in kin yi atishawa ko tari, wata nas ta ce ki je sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, ke kuma kina tsoron ko yoyon fitsari ne ya fara, kuma wata ta ce miki atisayen zai matse ki har haihuwa ta yi wuya. Ni uwa ce a Gusau, na yi fama da irin wannan bayan haihuwata ta uku, a ciki na gaba kuma na yi shiri da taimakon likitar gashi. Abin da na koya zan faɗa miki.

Ki fara kwantar da hankalinki, wannan ba yoyon fitsari ba ne. Shi yoyo rami ne da ke ɓullewa tsakanin mafitsara da farji, galibi bayan doguwar naƙuda, kuma fitsarin zuba yake dare da rana ba sai an yi tari ba. Naki kuwa tsokar ƙasan ƙugu ce ta gaji. Wata tsoka ce shimfiɗe daga ƙashin mara zuwa ƙashin bayan dubura, ita ke tallabe mafitsara da mahaifa da hanji, kamar yadda zanen goyo ke tallabe yaro. Ciki na ƙara nauyi, jiki kuma na saki don shirin haihuwa, sai riƙon ya ragu. Na san abin da ya fi ci miki rai alwala ce, mace ta yi ta sakewa tana canja zane, ba ta iya gaya wa kowa. Mata da yawa a haka suke, kunya ce ta rufe bakinsu.

Mutanenmu sun ɗauka gashi na masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ne kawai, alhali akwai masu gashin da suka san lafiyar mata. In kin je awo ki roƙi a rubuta miki takardar zuwa sashen, a manyan asibitoci ake samunsa irin su asibitin tarayya na Gusau da asibitin koyarwa na Sakkwato. Kina da damar neman mace ta duba ki. Amfanin zuwa ko da sau ɗaya shi ne a tabbatar tsokar da ta dace kike matsewa, domin wasu matan cinya da ɗuwawu suke ɗaurewa, wasu ma yunƙuri suke yi ƙasa suna zaton matsewa ce.

Ga yadda aka nuna mini. Ki kwanta a gefe ko ki zauna, ki yi kamar kina riƙe tusa da fitsari lokaci guda, ki ji wurin ya ɗago ciki. Kada ki ɗauke numfashi. Ki riƙe daƙiƙa 3 zuwa 5 da farko, a hankali har ki kai 10, sannan ki saki gaba ɗaya ki huta daidai tsawon da kika riƙe. Sau 8 zuwa 10, sau uku a yini. Ni bayan sallar asuba da la'asar da isha'i nake yi, ina zaune a kan dadduma, babu wanda ya san abin da nake. Kada ki mai da shi ɗabi'a a lokacin da kike fitsari, yana hana mafitsara zubar da komai. Ki kuma saba matsewa kafin atishawa ta fito ko kafin ki ɗaga jarkar ruwa. Yakan ɗauki wajen wata uku kafin a ga canji sosai, kada ki karaya a sati biyu. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya yaɗa wannan atisaye tun 1948, shi ya sa za ki ji ma'aikatan asibiti na kiran sunansa.

Yanzu maganar da aka tsorata ki da ita. Atisayen ba ya toshe hanyar haihuwa. Amma akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba: rabin aikin shi ne sakin. Ranar haihuwa ba matsewa ake nema daga gare ki ba, buɗewa ake nema, kuma macen da ta san inda tsokar take ita ke iya sakinta da gangan. Likitar da ta koya mini ta fi daɗewa a kan wannan. Ki ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, ki ji ƙasanki ya yi laushi ya sauka, ki fitar ta baki a hankali, muƙamuƙi a sake. Mu da aka rena da cewa mai cikin fari ba ta kuka ba ta raki, cije haƙora muke yi mu ɗaure jiki duka, wurin da ya kamata ya buɗe shi ma ya ɗaure. Ban ga jarumtar da ke cikin wannan ba. A haihuwata ta ƙarshe na yi ta fitar da numfashi da sauti, na kwanta a gefe, na yi nishi lokacin da jikina ya nema, da kai ya zo kuma ungozoma ta ce in dakata in yi haki, na iya dakatawa. Ban ƙaru ba. Ba na yi miki alkawarin haka, girman jariri da yadda ya kwanta suna da nasu tasirin, amma kin rage haɗarin.

Tunda na fari ne, daga sati 34 ko 35 ki fara tausar fatar da ke tsakanin gaba da dubura, masu cikin fari ta fi yi wa amfani wajen rage ƙari. Ki wanke hannu, ki yanke farce, ki shafa man zaitun ko na kwakwa, ki sa babban yatsa ciki kaɗan, ki danna ƙasa da gefe-gefe har ki ji ɗan ja, kamar minti 5, ko sau biyu a sati. In akwai ƙaiƙayi ko ciwon sanyi, ko jini, ko faya ta fashe, ko an ce mabiyiya tana ƙasa, kada ki yi. Kuma don Allah ki nisanci kayan matsi da ake cusawa. A nan yankin mun san yadda ake tallarsu, ba sa ƙarfafa tsoka, busar da wuri suke yi su jawo cuta. Ki kula da bahaya ma, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo tana sa shi tauri, yunƙurin kullum kuwa yana gajiyar da tsokar. Kada ki bar ƙwayar, ki ƙara ruwa da zogale da rama.

Abin da atisaye ba zai yi miki ba shi ne ya wuce da jaririn da ya maƙale. Naƙudar da ta haura awa 12 babu ci gaba ta asibiti ce, ba ta rubutu da jiƙo ba, kuma kada ki yarda kowa ya danna miki ciki ko ya yi miki yankan gishiri. Kin san halin hanyoyinmu da dare. Ku zauna da maigida tun yanzu ku tsai da asibitin da za ki haihu, da mai motar da za a kira, da wanda zai ba da jini in an buƙata. In goyon ciki za ki tafi ƙauye wurin su Inna, gara ki koma kusa da asibiti kafin wata tara ya kama.

Bayan kin sauka, ki koma matsewar a hankali cikin kwanakin farko, ko da an yi miki ɗinki. Ruwan zama ya zama mai ɗumi, kada ya kai na ƙuna. In kuwa kika ga fitsari na bin ƙafarki ba tsayawa, kada a ce a jira arba'in, ki tafi asibitin Farida a nan Gusau, inda ake gyaran yoyon fitsari, da wuri, domin ƙaramin rami sabo yakan iya rufewa da robar fitsari kaɗai ba tare da tiyata ba.