An ce in huda ƙoƙon kunkurun ɗana in ɗaure shi da igiya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 9 ya matsa sai na saya masa kunkuru. Na ga ƙanana a kasuwa, ba su cika tafin hannu ba, mai sayarwa ya ce ba su da ɗawainiya, ko ruwa ba sa sha. Maƙwabciyata kuma ta ce in sa shi a roba, in ya tasa a huda gefen ƙoƙon bayansa a zura igiya kada ya ɓata, wai haka ake yi a gidansu tun kaka da kakanni. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ina tsoron ya mutu a hannuna in kwashi alhaki. Wane iri zan saya, kuma ina zan ajiye shi? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Malama, gara da kika tambaya tun kuɗin yana hannunki.

Ki fara sanin abin da za ki ɗauko. Idan ƙoƙonsa ruwan yashi ne, ƙafafun gaba da kauri da manyan ɓawo, cinyoyin baya kuma da ɗan tsini kamar ƙaya, to babban kunkurun Sahel ne, wanda masana ke kira sulkata. Yana fitowa daga ƙwai bai wuce santimita 5 ba, amma shi ne na 3 a girma cikin kunkurun tudu a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da Aldabra. Namiji yakan haura kilo 50, kuma rayuwar shekara 50 ba komai ba ce a wurinsa. Wato ɗanki zai yi aure ya haihu, kunkurun yana nan yana cin ciyawa. Idan tsakar gidanku siminti ne duka, ko gidan haya kuke, ki haƙura, kada ki saye shi. Akwai ƙanana masu gaɓa a bayan ƙoƙo, wadda ke rufe ƙafafun baya, amma waɗanda ake kawowa daga dazukan kudu danshi suke so, hunturunmu yana wahalar da su. Kififfiya kuwa ta ruwa ce, kada a haɗa ki da ita a ce kunkuru ne.

Ki nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida. Sulkata na daji ya yi ƙaranci har an hana fitar da shi ƙasashen waje don kasuwanci tun shekarar 2000. Ki ɗaga shi ki ji da nauyi, idanu a buɗe tas, hanci ba kumfa, in ya yi tafiya yana ɗaga cikinsa daga ƙasa.

Wurin zama: ƙasa, ba roba ba. Ki ware masa gefe a tsakar gida inda hantsi ke sauka, da inuwar da zai fake idan rana ta take. Hasken rana kai tsaye ne ke sa jikinsa ya amfana da sinadarin ƙashi, wanda ya ratso gilashin taga ba ya aikin. A zagaye da bulo, a nutsa tushen kamar rabin mita, domin gwanin haƙa ne, kuma in yana hango waje ta cikin shingen waya ba zai daina tura shi ba. Yana ƙarami a rufe saman da raga saboda ɓeraye da shaho, dare ya yi sanyi a shigo da shi ɗaki. Abincinsa ciyawa ce, sai ganyen yakuwa da na kabewa, a riƙa barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa. Ban da tuwo, ban da burodi, ban da nama. Mai sayarwa kuwa ƙarya ya yi miki, kunkuru yana shan ruwa. Ki aje masa faranti marar zurfi, ki riƙa jiƙa ƙaramin a ruwa mai ɗumi da bai kai haɓarsa ba, minti 15, sau da yawa a mako.

Yanzu maganar maƙwabciyarki, wadda ita ce ta sa na zaɓi wasiƙarki. Na gaji da ganin wannan ɗanyen aiki. Mutane sun ɗauka ƙoƙon kunkuru ƙwarya ce aka kifa masa, ko ɗaki ne da yake shiga yana fita. Ba haka ba ne. Ƙoƙon nan haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka baje suka haɗe. Abin da ido ke gani a sama ɓawo ne irin na farce, ƙarƙashinsa kuwa ƙashi ne mai rai, da jini da jijiyoyi. Ki shafa bayansa da yatsa, yana ji. Wanda ya ɗora ƙusa mai zafi a wurin, daidai yake da wanda ya huda haƙarƙarin akuya don ya sami maɗauri. Bambancin kawai, akuya za ta tara unguwa da kuka, shi kuwa sai dai ya janye kai ya yi shiru, sai a ce ai bai ji ba.

Ba a nan abin ke tsayawa ba. Huhun kunkuru yana manne da ƙoƙon sama daga ciki. Rami ya buɗe, datti ya shiga, ƙashi ya fara ruɓewa a hankali, ƙuda ya zo ya yi ƙwai. An sha kawo mini irinsu da damina, a ɗaga igiya a tarar da tsutsa cike da wurin. Wani kuma ƙarfinsa ne ke ja har gefen ƙoƙon ya ɓalle. Wani igiyar ke naɗe masa ƙafa, ya kife rigingine cikin zafin Afrilu ba mai gani, kafin la'asar ya tafi. Ciwon ƙoƙo kuma ba ya warkewa a mako, watanni yake ci, wani lokaci ya haura shekara.

Sai mai shi ya ruga kasuwa wurin masu tallar maganin dabbobi, waɗanda allura ɗaya suka sani ga kowace halitta. Su ɗirka masa ivamektin, maganin da ake yi wa shanu da awaki. Ki riƙe wannan sunan: ivamektin guba ne ga kunkuru, yana shanye masa jiki ya kashe shi. Wasu kuma baƙin mai suke zubawa a ciwon, ko su shafe ƙoƙon da fenti wai don ado.

Hujjar kullum ita ce na kakanmu ya shekara talatin a ɗaure. To, ya rayu, waɗanda suka mutu fa, wa ya ƙirga su? Kuma dukanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ba ta iya kuka ba ta fita daga wannan hukunci ba. Masu ajiye shi don wai yana kare gida daga sammu, su ma ina roƙonsu, ko me suka yi imani da shi, su kwance igiyar su gina masa katanga. Bulo nawa ne?

Idan kin tarar da wanda aka riga aka huda, a yanke igiyar, a wanke wurin da ruwan gishiri mai tsabta, a tsare shi daga ƙuda, a kai shi asibitin dabbobi.

Shi kuma yaron, ki kafa masa doka tun ranar farko: ya taɓa kunkuru, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci komai. Suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi ko da suna cikin ƙoshin lafiya, abin da ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananansu tun 1975. In akwai ƙaninsa da bai kai shekara 5 ba, kallo kawai zai yi daga bayan bulo.