Amsa ga mai tambayar wuraren tarihi a Lisbon

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce taro zai kai ka Lisbon, babban birnin Fotugal, kana da kwana biyu na kanka, kuma an ce maka ka nufi unguwar Belem da ke bakin kogi a yammacin garin kawai, can ne tarihin yake. Na yi zaman karatu a garin, kuma ni dai ban goyi bayan wannan shawara ba. Belem na da kyau, amma rabin yini ya ishe ta. Asalin garin yana kan tudu, daga can ya kamata ka fara.

Ranar farko ka yi sammako ka hau ganuwar São Jorge. Musulmi sun riƙe Lisbon sama da shekara 400, tun farkon ƙarni na 8 har zuwa 1147, lokacin da Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya ƙwace ta da taimakon mayaƙan ’yan Salibiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa Ƙudus. A wannan tudun masu mulkin Musulmi suka zauna. Bangon da za ka gani an sha gyara shi, musamman wajen 1940, don haka kada ka ɗauka kowane dutse na wancan zamani ne. Amma a ciki akwai inda aka haƙo gidajen Musulmi na ƙarni na 11, mutane da yawa kuwa wucewa suke yi don hankalinsu na kan ɗaukar hoton kogin Tejo. Tambayi ma’aikatan su nuna maka.

Daga nan gangaro da ƙafa ta tsohuwar unguwar Alfama. Lungunanta ƙanana ne, a murɗe, tamkar cikin birnin Kano ta wajen Kurmi, sai dai nan hawa da gangara ne. Kada ka wahalar da kanka da taswirar waya, bi gangara kawai, za ta sauke ka bakin kogi. A hanya za ka tarar da babbar cocin garin, Sé, wadda aka soma ginawa bayan 1147 a filin da babban masallacin birnin yake. A farfajiyarta ta baya an tono gine-ginen Rumawa da na Musulmi, ɗaya a kan ɗaya.

Musulmin da suka rage bayan cin garin an mayar da su wajen ganuwa, unguwar da har yau ake kira Mouraria, kafin Sarki Manuel na ɗaya ya ba da umarnin korar Yahudawa da Musulmi a 1496. Yanzu unguwar cike take da ’yan Bangaladash da Fakistan da ’yan Afirka. A titin Benformoso, kusa da dandalin Martim Moniz, za ka sami abincin halal da ƙananan masallatai, sai ka yi azahar ka ci abinci a nan. A sauran wurare ka riƙa tambaya, domin mutanen Fotugal na sa naman alade a abinci da yawa, har cikin miya. In ka rasa yadda za ka yi, nemi gasasshen kifi.

Da yamma ka shiga tsakiyar gari, Baixa. Za ka ga tituna miƙaƙƙu, sun sha bamban da na Alfama. Dalili shi ne girgizar ƙasar 1 ga Nuwamba 1755, wadda ruwan teku da gobara suka biyo bayanta suka gama da wannan yanki, Marquês de Pombal, babban ministan sarki, ya sa aka sake zana shi daga tushe. In kana son ganin ɓarnar da idonka, hau zuwa cocin Carmo: ginshiƙai na tsaye, rufi babu, haka aka bar ta. Kusa da dandalin Rossio kuma akwai cocin São Domingos, inda kisan gillar da aka yi wa Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci ya faro a 1506. A ƙofarta ’yan Gini Bisau ke taruwa suna hira, da dama Fulani ne, in ka yi sallama za a amsa maka.

Rana ta biyu sai Belem, amma ba Litinin ba, wuraren tarihinta a rufe suke ranar. Hau jirgin ƙasa daga tashar Cais do Sodré, ya fi taragon cikin gari saurin isa, kuma ka sayi tikitin shiga ta intanet. Gidan ibada na Jerónimos, wanda aka fara a 1501, ya cancanci layin; sassaƙar dutsen ta kai a tsaya a kalla, kuma a cocinsa kabarin Vasco da Gama yake, wanda ya tashi daga wannan gaɓa a 1497 ya isa Indiya a 1498. Hasumiyar Belem kuwa ka kalle ta daga waje ya wadatar, cikinta matsattsen bene ne da cunkoso.

A gaban dogon ginin tunawa da matuƙan jiragen ruwa, na 1960, akwai taswirar duniya a ƙasa da shekarun da suka isa kowace gaɓa. Duba gaɓar Afirka ta Yamma da kyau. Waɗannan jiragen ne suka gina sansanin Elmina a Gana a 1482, suka kai masarautar Benin, su ne kuma suka sauke bayi aka raba a garin Lagos na kudancin Fotugal a 1444. A tsakiyar ƙarni na 16, kusan mutum ɗaya cikin goma a Lisbon bawa ne. Gumakan da ke jikin ginin ba za su gaya maka wannan ba, na sarakuna ne da matuƙa da limaman coci.

Taragon lantarki mai lamba 28 da kowa ke yabo, a ganina wahala ce: dogon layi, ga ’yan sane. In dole ne, hau da sassafe, jaka a gaba. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin duwatsun daɓen titi suna santsi ko ba a yi ruwa ba. In Juma’a ta riske ka, Babban Masallacin Lisbon, wanda aka buɗe a 1985, yana kusa da tashar Praça de Espanha a shuɗin layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Allah ya kai ka lafiya.