Muryar Kawu a guruf ɗin gida kan zancen Auta

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, tun safe na saurari muryarki, kasuwa ce ta riƙe ni. Kin ce Auta ya zaɓi ɗaya, ko zanen bangon littattafai ko kahon nan da yake busawa, wai ba a tauna taura biyu. To ki yi haƙuri, a nan kam ban bi bayanki ba.

Kiɗan da yake yi sunansa jaz, baƙaƙen fatar Amurka suka faro shi a garin New Orleans, yau sama da shekara 100. Cikin manyansa akwai Duke Ellington, haifaffen 1899. Shi fa mai zane ne tun farko, har gurbin karatun zane aka ba shi a makarantar Pratt, bai je ba. Wajen 1917 allon talla yake rubutawa, kamar masu fentin nan namu na bakin titi. In mutum ya zo a rubuta masa sanarwar casu, sai ya tambaye shi, kun sami makaɗa? In babu, to ga shi. Kin ji fa, ciniki biyu a jikin mutum ɗaya! Miles Davis kuwa da kaho ya yi suna, sai da girma ya zo ya duƙufa zane, har zanensa ya hau bangon faifansa a 1983.

Ranar Asabar na leƙa ɗakin yaron nan. Yana zana wa wata marubuciya bango, yatsu duk tawada, kahon na kan katifa, ya cusa masa tsumma a baki don kar maƙwabta su ji. Wallahi sai da na yi dariya. Ya ce in hannu ya cije masa, sai ya yi busa ta minti goma ya dawo. Kuma dai kuɗin zanen ne ya sayi kahon a Sabon Gari, bai roƙi kowa ko sisi ba.

Inda na yarda da ke, Yaya, busar dare. Auta, na san kana ji. Daga isha'i ka ajiye shi, akwai tsofaffi a layin. Sannan matar nan ta ba ka kafin alƙalami tun watan jiya, ka gama mata aikinta kafin Juma'a. Zan biyo in gani da idona.

Yaya a gaida Alhaji, ya jikin nasa?