Yadda ake tafiya da siketbod da luj daga wata gasar gangare zuwa wata a ƙasashen waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Cape Town, fasfon Najeriya nake riƙe da shi. Na daɗe ina gudun gangare da siketbod, allon nan mai taya huɗu da ake hawa a tsaye, kwanan nan kuma na fara luj, wato allon nan mai tsawo da ake kwanciya rigingine a kansa, ƙafafu a gaba. Ina so in shiga gasa biyu ko uku a Turai a hutu mai zuwa, a rukunin biyu duka. Yaya zan yi da kaya a jirgi, da takardu, da zirga-zirga tsakanin gasa da gasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya fi hana baƙo tsayawa a layin farawa shi ne jakar da ta maƙale a wani filin jirgi, ko noti ɗaya da babu irinsa a garin da ya sauka, ko biza da ta fito bayan an tashi daga gasa. Saboda haka a kan waɗannan za mu fi tsayawa.

Fara da zaɓen gasannin. Wasan yana bin yanayi: Turai da Arewacin Amurka suna yin nasu a tsakiyar shekara, musamman Yuni zuwa Agusta, su kuwa irin su Teutonia ta Brazil da Hot Heels ta kusa da ku an saba yin su ne a ƙarshen shekara. Tunda Turai ka nufa, ka nemi gasannin da ke jere mako bayan mako a ƙasashen da mota za ta haɗa, misali Kozakov ta Jamhuriyar Cek, wadda aka saba yi a Yuli, da duk wata da ta faɗo kusa da ita a Italiya ko Ostiriya ko Romaniya. Kowane hawan jirgi ƙarin kuɗin kaya ne da ƙarin kasadar ɓacewarsu. Kafin ka biya tikiti ka tabbatar da abu biyu daga bakin masu shirya gasar: cewa ranar ta tabbata, domin rufe hanya sai da izinin hukuma kuma akan ɗage, da cewa akwai rukunin luj, domin ba kowace gasa ke buɗe shi ba idan masu rajista sun yi kaɗan. Gasar duniya da World Skate, hukumar wasan ta duniya, ke shiryawa kuwa ta hannun hukumar wasan ta ƙasarka ake shigarta.

Batun biza, ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tana ba ka kwana 90 a cikin kowane kwana 180, ana iya nemanta tun saura wata 6, kuɗinta Yuro 90 ne tun Yunin 2024. A ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ake nema, ko da ba ta nan za ka shiga ba. Da yake kana da izinin zama a Afirka ta Kudu, a can za ka nema, kuma za su duba ko izinin zai kai bayan dawowarka. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar fitarka, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ka haɗa da shaidar rajistar kowace gasa da wasiƙar masu shiryawa mai ɗauke da ranaku da wurin kwana, musamman idan a tanti za ka kwana a sansanin gasar, tunda babu rasit ɗin otal da za ka nuna. Ingila da Turkiyya ba sa cikin Shengen, kada ka tsara fita zuwa can ka dawo da biza mai shiga sau ɗaya. Idan kuma za ka biyo ta gida kafin ka koma makaranta, ka riƙe katin rigakafin shawara, domin Afirka ta Kudu tana neman sa daga wanda ya fito daga Najeriya.

Inshora tana da tarko. Wadda ake buƙata don biza, mai ɗaukar nauyin jinya na aƙalla Yuro 30,000, galibi ta cire tsere da wasanni masu haɗari daga abin da take biya. Za ta samo maka biza, amma ranar da ka karya ƙashin wuya a kwanar hanya ba za ta san ka ba. Ka rubuta wa kamfanin, ka ambaci sunan wasan da kalmar gasa ƙarara, ka tambayi ɗaukar majinyaci da jirgi mai saukar ungulu da mayar da shi gida, ka ajiye amsarsu a rubuce. A ganinmu wanda bai iya biyan wannan ba gara ya rage gasa ɗaya ya biya ta.

Yanzu kaya. Yawancin kamfanonin jirage masu dogon zango suna karɓar jaka mai kilo 23, wadda tsawonta da faɗinta da kaurinta a haɗe ba su wuce santimita 158 ba, kuma da yawa ba sa ɗaukar jaka guda da ta haura kilo 32 ko da za ka biya. Luj shi kaɗai yakan kai kilo 10 zuwa 15, siketbod a haɗe wajen kilo 4, rigar fata kilo 4 zuwa 5, kowane saitin taya huɗu kusan kilo 1. Ka ga jaka ɗaya ba za ta yi ba. Luj ya wuce ma'aunin tsawo, don haka a matsayin kayan wasanni zai tafi: ka yi masa rajista tun lokacin sayen tikiti, ka faɗi ainihin tsawonsa, ka buga takardar amincewar ka riƙe. Wasu sukan cusa shi a jakar golf don samun rangwame, amma idan aka buɗe ba a ga sandunan golf ba, farashin da ake biya a filin jirgi za a caje ka, wanda ya fi na intanet tsada. Ƙananan jiragen cikin Turai masu arha kuwa a kan kaya suke fanshe arhar, sau da yawa kilo 20 ne iyakarsu.

Ka raba kayan bisa tambaya ɗaya: idan wannan ya ɓace, zan samu aro a wurin gasa? Allo ana ara, taya ana saya, domin masu sayarwa sukan kafa rumfa a manyan gasanni. Hular kwano mai rufe fuska da ta yi daidai da kanka, da rigar fata da aka ɗinka da awonka, da takalman birki, waɗannan ba a samunsu a kwana ɗaya, kuma babu mai barin ka ka sauka ba tare da su ba. Hular ta shiga jirgi a hannunka. Soson da ke cikinta sau ɗaya yake shan duka, idan aka jefa jakar ya murƙushe daga ciki ba lallai ka gani a waje ba. Ka cire gilashinta ka naɗe a riga mai laushi. Rigar fata, idan nauyin jakar hannu ya yarda, ta bi hular, idan bai yarda ba ta shiga jakar da ba ta luj ba, saboda kaya masu tsawo ta wata ƙofa daban suke bi kuma su suka fi yin latti. Haka tirok ɗin siketbod, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ka raba shi da jakar luj. Da tirok ɗinka da bushin ɗinka, wato robobin da ke cikin tirok masu ba shi damar juyi, za ka iya ɗaura su a allon aro ka ji kusan yadda ka saba.

Kafin ka kwance komai, ka rubuta saitinka. Ɗauki hoton kowane tirok, ƙirga zaren da ya fito a saman notin tsakiya, rubuta wane bushin ne a sama wane ne a ƙasa da taurin kowanne, sannan ka sa alamar gaba da baya da fenti. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A allon tsere tirok ɗin gaba yakan kasance wajen digiri 50, na baya kuwa ƙasa sosai, tsakanin 20 da 30, domin gaba ya yi juyi baya ya tsaya daram. Wanda ya musanya su cikin gajiyar tafiya, allon zai fara rawa da shi daidai lokacin da gudu ya yi ƙarfi. A luj ka cire tirok duka, da madafan hannu, da matashin kai, da matakan ƙafa idan suna cirowa. Ka rufe hanci da wutsiya da soson bututu ko yankakken kwali, ka ɗaure allon siketbod a jikin kwanon luj ɗin da takarda mai kauri a tsakani, don samfefar saman allon tana cin duk abin da ta goga. Bakin aksul, wato sandar ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ka mayar masa da notinsa, in ba haka ba zai huda jaka kuma zarensa ya lalace.

Ga abin da baƙi suka fi mantawa. Notuna da ƙusoshin siketbod da awon inci ake yin su: sifana rabin inci ta aksul, 9/16 ta notin tsakiya, 3/8 ta ƙusoshin ɗaure tirok. Shagunan ƙarfe na ƙauyukan Turai milimita suke sayarwa, zarensu ba zai hau naka ba. Ka tafi da notin aksul aƙalla takwas sababbi, masu robar kullewa a ciki, da ƙusar tsakiya biyu, da saitin ƙusoshin ɗaurewa, da bushin na taurin da kake hawa da wanda ya ɗara shi kaɗan, domin roba tana saki a zafi tana taurara a sanyin safiyar dutse. Boris mai lamba 608 ana samunsa ko'ina, amma idan aksul ɗin luj ɗinka mai milimita 10 ne ka ɗauki naka. Sifana da alanki su shiga jakar ƙasa, wato wadda ake miƙawa a saka cikin ɗakin kayan jirgi, masu bincike sukan ƙwace su a hannu. Batiran kyamara da fawabank su kuma sai a hannu kawai.

Takalman birki a gida za ka gama su. A luj tafin takalminka ne birki, kuma robar tayar da ake liƙawa tana cinyewa da sauri a hanya mai yawan lanƙwasa. Gam ɗin da ake liƙa ta da shi yana kama wuta, an hana shi a jirgi ko a jakar ƙasa, kuma yana son yini guda cur kafin ya kama sosai. Ka tafi da takalma biyu a shirye da yankakkiyar roba ta ƙari, ka sayi gam a can, ka liƙa a ranar farko ta hutun da ke tsakanin gasa biyu.

Taya kuwa lissafi take so. Sabuwar taya tana da sheƙi a fatarta wanda ke riƙe kwalta, da ta sha zamiya ɗaya ko biyu riƙon ya ragu. Don haka tsofaffi na atisaye ne, sababbi na gwajin lokaci da zagayen tsere. Ga mai shiga rukuni biyu, ka ƙaddara aƙalla sabon saiti biyu na siketbod da ɗaya na luj a kowace gasa, ka tuna luj mai tirok biyu a gaba taya shida yake ci. Ka ƙara saiti ɗaya mai tsagi na ruwan sama. Maimakon ka ɗauko duka daga Cape Town, ka yi oda daga wani shago a Turai a kai maka masaukinka na farko, ko ka tambayi masu shiryawa wa zai zo da kaya.

A ƙasa, hanyoyin tseren a ƙauyuka suke, kan duwatsu. Daga Prague jirgin ƙasa zai kai ka Turnov cikin kimanin sa'a biyu, daga nan zuwa Kozakov sai mota. Abin da 'yan wasa suke yi shi ne su haɗu su uku ko huɗu su yi hayar mota mai dogon baya, kuma tun a gasar farko ake samun abokan tafiya zuwa ta biyu. Ka auna jakar luj ka tabbatar za ta shiga idan an kwantar da kujera. Kamfanin haya zai nemi katin bashi na banki don ajiya, yakan ƙara kuɗi ga wanda bai kai shekara 25 ba, kuma sai ka sanar da shi ƙasashen da za ka tsallaka. Manyan hanyoyin Cek da Ostiriya sai da izinin hanya da ake saya tun kafin a hau, Italiya da Faransa kuwa a shingen karɓar kuɗi ake biya. Ka riƙe tsabar kuɗi, Cek ba Yuro take kashewa ba, koruna ce. Naman halal da wuya a same shi a ƙauyukan nan, ka yi cefane a babban gari kafin ku hau dutse. Rigar fata da ta jiƙe da gumi ko ruwa kada ta kwana a jaka, ka rataye ta a inuwa mai iska, domin rana da hita suna busar da fata ta tsage a ɗinki.

Ka sauka aƙalla kwana biyu kafin ranar atisaye ta farko, da tikiti guda har zuwa inda za ka, domin a tikiti biyu daban kai ne za ka ɗauki kayan ka sake shigar da su, kuma idan jirgin farko ya makara na biyu ba ruwansa. Idan jaka ba ta fito ba ko ta fito a fashe, kada ka bar filin jirgi sai ka cike takardar rahoton kaya ka karɓi lambarta, ka ba su adireshin sansanin gasar da lambar wayar da ke aiki a ƙasar. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama ta ba ka kwana 7 ka rubuta ƙorafin lalacewa, kwana 21 na jinkiri, kuma akwai iyakar abin da kamfani zai biya, wadda kayan rukuni biyu za su iya wucewa, don haka hotunan kayan da rasit ɗinsu su kasance a wayarka.

Bayan ka haɗa allunan, ka duba ko aksul ya lanƙwashe ta hanyar juya kowace taya kana kallon gefenta, ka bi ɗinkin waldar luj da ido ko ya tsage, sannan ka kai su wurin masu duba kaya na gasar. Saukarka ta farko ka yi ta a hankali, ka tsaya a ƙasa ka sake bin kowane noti da sifana kafin ka hau motar komawa sama.